Tambayoyi da amsoshi game da Lee Lawrie, masassaƙin da ya ƙawata gine-ginen Amurka

Wane ne Lee Lawrie?

Lee Oscar Lawrie masassaƙi ne ɗan Amurka wanda ya ƙare rayuwarsa yana yi wa manyan gine-gine ado da dutse da tagulla. An haife shi ranar 16 ga Oktoba, 1877, a Rixdorf ta ƙasar Jamus, garin da daga baya aka sauya wa suna zuwa Neukölln, ya kuma zama wani yanki na birnin Berlin. An kai shi Amurka yana ƙaramin yaro a 1882, ya tashi a birnin Chicago, ya rasu ranar 23 ga Janairu, 1963, a garin Easton na jihar Maryland yana da shekara 85. A tsakanin waɗannan shekaru ya karɓi ayyuka fiye da 300, daga majami'u da jami'o'i zuwa ɗakunan karatu da majalisun dokoki da hasumiyoyin kasuwanci. Duk wanda ya taɓa ganin hoton ƙaton mutumin nan na tagulla da ke ɗauke da sammai a kafaɗarsa a birnin New York, to ya ga aikin Lawrie, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba.

Me ya bambanta masassaƙin gini da sauran masassaƙa?

Masassaƙin da ke yin mutum-mutumi don a kafa shi a dandali ko a gidan tarihi yana da 'yancin zaɓen abin da zai yi da girman da yake so, kuma idan an gama, ana iya ɗaukar aikin a kai shi wani wuri ba tare da ya rasa komai ba. Masassaƙin gini ba ya da wannan 'yanci. Mai zayyanar gini ne ke nuna masa inda za a sa adon, ko saman ƙofa, ko kusurwar hasumiya, ko tsakanin tagogi, kuma tun kafin ya taɓa yumɓu an riga an yanke faɗin wurin, da irin dutsen, da nisan da zai kasance tsakanin aikin da idon mai kallo. Siffar da za a ɗora a tsayin ƙafa ɗari dole a yi mata manyan layuka masu zurfi, domin ƙananan bayanai ba sa kaiwa ƙasa. Dole kuma a yi lissafin inda rana ke faɗowa, tunda inuwa ce ke fito da sassaƙar da ke jikin bango, sannan a kula kada ruwan sama ya sami inda zai taru ya daskare a lokacin hunturu ya fasa dutsen.

Lawrie ya ɗauki waɗannan ƙa'idoji a matsayin ginshiƙin sana'ar. Abin da ya yi imani da shi, kuma ya nuna a aikace, shi ne sassaƙa ta fito daga jikin ginin kamar tare aka halicce su, ta yadda ba za a iya cire ta ba sai an rushe bangon. Kusan duk abin da za a faɗa game da shi, har da dalilin da ya sa aka manta da sunansa, yana komawa ga wannan ra'ayi ne.

A ina ya koyi sana'ar?

A ɗakunan aikin manya ya koya, ta hanyar almajirci. Yana ɗan shekara 14 ya fara aiki a wurin masassaƙi Richard Henry Park a Chicago. Ya yi sa'a lokacin ya zo daidai da shirye-shiryen babban baje-kolin duniya da aka yi a birnin a 1893, wanda ya tara fitattun masassaƙan ƙasar wuri guda suna ƙera ɗaruruwan siffofi na filasta cikin gaggawa, kuma yaron ya shiga cikin masu taimaka musu. Bayan an tashi daga baje-kolin ya koma gabashin ƙasar, ya yi aiki a ƙarƙashin William Ordway Partridge da Philip Martiny da Alexander Phimister Proctor, da kuma Augustus Saint-Gaudens, wanda shi ne masassaƙin da ya fi kowa daraja a Amurka a wancan zamani. A 1904 ya yi aiki a baje-kolin St. Louis a ƙarƙashin Karl Bitter.

Takardar shaida daga baya ta zo. Ya sami digiri a fannin zane da sassaƙa daga jami'ar Yale a 1910, alhali ya riga ya fara koyarwa a can tun 1908, kuma ya ci gaba har 1919. Ya kuma koyar a sashen zayyanar gine-gine na jami'ar Harvard daga 1910 zuwa 1912. Yawancin takwarorinsa sun yi shekaru a makarantun Faris kafin a san su, shi kuwa hannunsa ya nuna ne a wuraren da ake aiki da wa'adi da kwangila, kuma hakan ya bayyana a yawan abin da ya iya kammalawa.

Mene ne tsakaninsa da Bertram Goodhue?

Bertram Grosvenor Goodhue mai zayyanar gine-gine ne da aka haifa a 1869, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa tasiri a rayuwar Lawrie. Sun fara aiki tare tun shekarun 1890, lokacin Goodhue yana haɗin gwiwa da Ralph Adams Cram a kamfanin da ya shahara wajen gina majami'u bisa salon Gotik, wato salon manyan majami'un Turai na zamanin tsakiya masu dogayen bakuna da hasumiyoyi. Daga haɗuwar Lawrie da Goodhue aka sami adon majami'ar makarantar sojoji ta West Point, da na majami'ar St. Vincent Ferrer a New York, da kuma aikin da ya fara ɗaga sunan Lawrie a tsakanin masana, wato bangon adon da ke bayan bagadin majami'ar St. Thomas a titin Fifth Avenue. Tsayin wannan bango ya kai ƙafa 80, yana ɗauke da siffofin mutane fiye da 60, kowanne a cikin gurbinsa, a jere hawa-hawa har kusa da rufi.

Da Goodhue ya rabu da Cram ya kafa nasa ofishin, sai ya fara neman hanyar fita daga kwaikwayon Turai ta dā, Lawrie kuma ya bi shi. Gine-gine uku na ƙarshen rayuwar Goodhue su ne suka nuna inda suka dosa: ginin Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa a Washington, wanda aka buɗe a 1924, da babban ɗakin karatu na Los Angeles, da majalisar dokokin jihar Nebraska. Goodhue ya rasu kwatsam a watan Afrilu na 1924, bai ga kammalawar biyun ƙarshe ba. Lawrie ne ya sassaƙa kabarinsa a majami'ar Intercession da ke arewacin Manhattan, inda ya nuna shi a kwance kamar yadda ake yi wa manyan Turai na dā, a samansa kuma ya jera ƙananan siffofin gine-ginen da marigayin ya zayyana.

Shin da hannunsa ya sassaƙa duk waɗannan ayyuka 300?

A'a, kuma babu masassaƙin gini na wancan zamani da ya yi haka. Ga yadda aikin yake tafiya. Lawrie yana karɓar zanen ginin da ma'aunin gurbin, sai ya yi ƙaramin samfuri da yumɓu a ɗakin aikinsa na New York. Idan mai zayyana da masu ginin suka amince, sai a yi wani samfurin da ya fi girma, a gyara duk abin da ke buƙatar gyara, sannan a zuba shi a filasta domin ya yi ƙarfin da zai jure tafiya. Wannan filastar ce ake sawa a akwati a aika wurin ginin, wani lokacin tafiyar da ta wuce mil dubu.

A can sai masu sarar dutse su karɓa. Suna da wani ƙarfen awo mai hannuwa da allura, wanda ake kafawa a kan samfurin a ɗauki zurfin wani ɗigo, sannan a mayar da shi kan dutsen a huda daidai wannan zurfin, ana ƙara girman bisa lissafi idan samfurin ƙarami ne. Bayan an yi ɗaruruwan irin waɗannan huji, sai a bi da kurfi da guduma a share dutsen da ke tsakaninsu har siffar ta fito. Sau da yawa ana ɗora dutsen ne a jikin ginin yana ɗanye, da ƙarin kauri, sannan mai sara ya hau katakon gini ya yi aikin a can sama, cikin iska da ƙura da sanyi. Idan kurfinsa ya zame, babu damar ɗauko wani dutsen a sake.

Yawancin waɗannan ma'aikata 'yan asalin Italiya ne. Kamfanin Edward Ardolino ne ya sari da yawa daga ayyukan Lawrie, kuma a Nebraska wani mai suna Alessandro Beretta ne ya shafe shekaru a jikin bangon yana mayar da filasta dutse. Ayyukan tagulla kuwa a maƙerar narka ƙarfe ake zuba su. Saboda haka idan aka ce aikin Lawrie, ana nufin tunani da tsari da samfuri nasa ne, saran ƙarshe kuwa na wasu ne waɗanda sunayensu suka fi nasa ɓacewa. Adalci ne a riƙa ambatarsu tare.

Wanne ne aikinsa mafi muhimmanci?

Masana da yawa suna nuna majalisar dokokin Nebraska da ke birnin Lincoln, kuma da wuya a yi musu da su. Goodhue ya ci gasar zayyanar ginin a 1920, aka fara aiki a 1922, aka gama a 1932, an kashe kuɗin da bai kai dala miliyan 10 ba, jihar kuma ba ta ci bashi ba. Ginin ya kauce wa al'adar majalisun Amurka masu ƙubba da ginshiƙai irin na Rum: faffaɗan gindi ne mai kusurwa huɗu, daga tsakiyarsa hasumiya mai tsayin ƙafa 400 ta tashi, ana hango ta daga nesa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan. Mutum huɗu ne suka haɗa kai a kansa. Goodhue ya zayyana, Hartley Burr Alexander, malamin falsafa a jami'ar Nebraska, ya tsara jigon labarin da rubuce-rubucen da za a sassaƙa, Hildreth Meière ta yi adon ƙananan duwatsu masu launi na ciki, Lawrie kuma ya ɗauki dukkan sassaƙar waje.

A nan ne ra'ayinsa ya kai matuƙa. Siffofin mutanen da ke jikin ginin ba su da ƙafafu a tsaye a kan wani dandamali. Ginshiƙin bango ne ke tasowa daga ƙasa santal, ba ado, sai can kusa da ƙarshensa ya fara ɗaukar siffar kafaɗa da hannu da kai, ta yadda mai kallo ba zai iya cewa ga inda bango ya ƙare ga inda mutum ya fara ba. Haka aka yi siffofi huɗu na saman babbar ƙofar arewa masu wakiltar hikima da adalci da ƙarfi da jinƙai, haka aka yi masu kafa dokoki na tarihi irin su Hammurabi na Babila da Solon na Girka da Yuliyas Kaisar da Justinian da Charlemagne, haka kuma siffofi takwas na gindin hasumiya, waɗanda suka haɗa da Socrates da Isaac Newton da Abraham Lincoln.

A kewayen ginin akwai alluna 21 na sassaƙa da ke ba da tarihin doka bi da bi, daga dokokin Isra'ilawan dā da na Girka da Rum, zuwa yarjejeniyar Magna Carta ta Ingila, zuwa ayyana 'yancin Amurka da rubuta tsarin mulkinta da sanarwar 'yanta bayi. Mutum zai iya zagaya ginin da ƙafa yana karanta labarin a jikin dutsen. A gefen matakalar shiga kuwa akwai bijiman baunar Amurka da saniya da ɗan maraƙi, an sassaƙa su a shafe da layuka kaɗan masu ƙarfi, a jikinsu an rubuta addu'o'i da waƙoƙin 'yan asalin ƙasar. A saman ƙofar an rubuta jumlar Alexander wadda ma'anarta ita ce tsirar ƙasa tana cikin sa idon 'yan ƙasa.

Mutumin da ke kan ƙololuwar hasumiyar fa?

Shi ake kira Mai Shuka. Mutum-mutumin tagulla ne mai tsayin ƙafa 19 da rabi, manomi ne ba takalmi, ya naɗe hannun riga, da jakar iri a rataye, ya miƙa hannu yana watsa iri kamar yadda ake yi kafin zuwan injin. Yana tsaye a kan gindin da aka yi wa siffar damman alkama da masara, an kuma ɗora shi a can a watan Afrilu na 1930. Jihar noma ce, kuma maimakon a ɗora mata wani jarumi ko wata mace mai wakiltar nasara kamar yadda aka saba, sai aka ɗora mai aikin gona. Shi ne siffa ɗaya tilo cikin waɗanda Lawrie ya yi wa ginin da ke tsaye ita kaɗai, kuma yana da wani aikin da ba na ado ba, domin shi ne ke karɓar tsawa ya kai ta ƙasa.

Me ya yi a Cibiyar Rockefeller ta New York?

Ya yi ayyuka fiye da goma a wannan rukunin gine-gine da aka gina a shekarun 1930, babu wani mai fasaha da ya kai shi yawa a wurin. Biyu daga ciki ne suka fi shahara.

Na farko shi ne Hikima, wanda ke saman ƙofar babbar hasumiyar rukunin tun 1933. Wani dattijo ne mai dogon gemu da iska ke kaɗawa gefe guda, ya leƙo daga cikin gajimare, da hannu ɗaya yana ture su, da ɗayan yana riƙe da babban kamfas na zane yana auna wani allon gilashi da ke ƙarƙashinsa. Allon an haɗa shi ne da tubalan gilashi 240 da kamfanin Corning ya zuba, kuma layukan da ke fitowa daga kamfas ɗin suna ci gaba daga dutse zuwa cikin gilashin ba tare da yankewa ba. A ƙasan siffar an rubuta wata jumla daga littafin Ishaya, wadda ke cewa hikima da ilimi su ne za su zama kwanciyar hankalin zamaninka. A hagu da dama akwai siffofi biyu masu wakiltar sauti da haske, ishara ga rediyo da talabijin, tunda kamfanin rediyo ne babban ɗan hayar ginin. Leon Solon ne ya tsara launuka da ruwan zinaren da aka shafa wa dutsen.

Na biyu shi ne Atlas, wanda Lawrie ya yi tare da Rene Paul Chambellan aka kafa a 1937. A tatsuniyoyin Girka, Atlas ƙato ne da aka yanke wa hukuncin ɗaukar sammai har abada. Mutumin kansa ƙafa 15 ne, amma idan aka haɗa da dandamalinsa da zobban da yake ɗauke da su tsayin ya kai ƙafa 45, nauyinsa kuma kimanin tan 7. Zobban suna wakiltar kewayen sararin sama, an jera alamun buruji a jikinsu, kuma an saita sandar tsakiyarsu ta nuna tauraron arewa. Yana fuskantar babbar majami'ar St. Patrick da ke tsallaken titi. Abin lura shi ne wannan aiki da aka fi saninsa da shi yana cikin kaɗan ɗin da ba su manne da bango ba, wato bai wakilci abin da ya shafe rayuwarsa yana yi ba.

Gaskiya ne an yi zanga-zanga a kan Atlas?

An yi ƙorafi lokacin da aka buɗe shi, domin wasu sun ce fuskarsa ta yi kama da ta Benito Mussolini, shugaban Italiya na lokacin. Maganar ba ta yi nisa ba, kuma ba a taɓa mutum-mutumin ba.

Yaya salonsa ya sauya a tsawon shekaru?

Ya fara da salon Gotik, inda siffofi ke da tufafi masu ninki da yawa da fuskoki irin na waliyyan majami'un Turai, kamar yadda ake gani a St. Thomas da kuma hasumiyar Harkness ta jami'ar Yale, wadda ya yi wa siffofin shahararrun mutanen jami'ar irin su Noah Webster da Eli Whitney da Samuel Morse. A shekarun 1920 sai ya juya ga tsofaffin sassaƙe-sassaƙen Masar da Assuriya da Girka ta farko, ya ɗauko musu tsayuwa ƙyam da fuskar da ake nunawa ta gefe da gashi da gemu da aka mayar layuka masu maimaituwa. Daga nan zuwa abin da yanzu ake kira Art Deco taki ɗaya ne, wato salon layuka miƙaƙƙu da kusurwoyi masu kaifi da ya mamaye hasumiyoyin Amurka tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu.

Wasu suna ganin wannan sauyi kamar bin yayi ne. Amma idan aka jera ayyukan bisa shekaru, abin da ake gani shi ne gine-ginen ne suka sauya, shi kuma ya bi su. Bangon da ya zama santal mai faɗi ba zai karɓi siffa mai tarin ninki ba, sai wadda aka rage ta zuwa manyan layuka.

Ina kuma ake samun ayyukansa?

Sun bazu a ƙasar. A Washington ya yi ƙofofin tagulla na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa, masu ba da tarihin kimiyya a alluna takwas daga Aristotle zuwa Louis Pasteur, da ƙofofin ginin John Adams na Ɗakin Karatun Majalisar Tarayya, wanda aka buɗe a 1939. A kan waɗannan ƙofofi na biyu ya jera waɗanda al'ummomi daban-daban ke danganta wa ƙirƙiro rubutu, daga Thoth na Masar da Nabu na Babila da Cangjie na Sin da Odin na arewacin Turai, har zuwa Sequoyah, ɗan ƙabilar Cherokee da ya ƙirƙiro wa harshensu haruffa a ƙarni na 19. A birnin kuma akwai mutum-mutumin George Washington na marmara da ya yi wa babbar majami'ar ƙasa. Ya yi adon ƙofar majalisar dokokin Louisiana a Baton Rouge, da tsuntsaye da tsirran da ke jikin hasumiyar Bok a jihar Florida, wadda aka buɗe a 1929, da wani ɓangare na majami'ar Rockefeller a jami'ar Chicago, inda ya raba aikin da Ulric Ellerhusen. A wajen Amurka, shi ya tsara sassaƙar da ke maƙabartar sojojin Amurka ta Brittany a ƙasar Faransa.

An karrama shi yana raye?

Abokan sana'arsa sun san darajarsa ƙwarai. Ƙungiyar masu zayyanar gine-gine ta Amurka ta ba shi lambobin yabo, an ɗauke shi mai ba da shawara kan sassaƙa a baje-kolin Chicago na 1933 da na New York na 1939, ya kuma zauna sau biyu a hukumar da ke kula da kyan gine-ginen gwamnati a Washington, daga 1933 zuwa 1937, sannan daga 1945 zuwa 1950. Takardunsa suna ajiye a Ɗakin Karatun Majalisar Tarayya.

To me ya sa jama'a ba su san sunansa ba?

Dalili na farko yana cikin irin aikin da ya zaɓa. Ana sanin mai fasaha ne ta hanyar baje-koli da gidajen tarihi da gwanjo, kuma duk waɗannan suna buƙatar abin da za a iya ɗauka a rataya ko a sayar. Babu wanda zai iya tara ayyukan Lawrie a ɗaki guda, domin suna liƙe a jikin gine-ginen da ke jihohi masu nisa da juna, wasu ma a tsayin da sai da tabarau mai hangen nesa ake ganinsu da kyau. Gini kuma da sunan mai zayyanarsa ake kiransa, ko na attajirin da ya biya kuɗin. A Cibiyar Rockefeller ɗin ma an fi tuna mai zane Diego Rivera, wanda aka farfasa zanen bangonsa a 1934 saboda ya sa hoton Lenin a ciki, fiye da mutumin da ayyukansa ke kan ƙofofin har yau.

Dalili na biyu shi ne sana'ar kanta ta mutu a gabansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu zayyana sun koma ga ƙarfe da gilashi, suna ganin ado a jikin gini ɓata kuɗi ne kuma koma-baya. Gine-gine irin su Lever House na 1952 da Seagram na 1958 a New York ba su da ko taku ɗaya na dutsen da za a sassaƙa. Idan ana son fasaha sai a sayo wani aiki a ajiye a farfajiya, wanda ba ruwansa da ginin da ke bayansa. Kamfanonin masu sarar dutse suka rufe, almajirci ya yanke, kuma malaman tarihin fasaha na lokacin sun ɗauki mutane irin Lawrie a matsayin masu yi wa wasu hidima, ba masu ƙirƙira ba. Sai a shekarun 1970 da 1980, da aka fara fafutukar kare gine-ginen Art Deco daga rushewa, aka dawo ana tambayar wa ya yi waɗannan adon.

Akwai abin da za a soka a aikinsa?

Akwai. Wanda ya karɓi ayyuka 300 dole ya maimaita kansa, kuma mai bibiyar ayyukan Lawrie zai gaji da haɗuwa da dattijo mai gemu da mace mai riƙe da fitila da gaggafa mai buɗaɗɗen fiffike. Fuskokinsa ba sa nuna halin mutum guda, ra'ayi suke wakilta, shi ya sa suke da sanyi idan aka matso kusa. Akwai kuma batun labarin da aka sa shi ya faɗa. A Nebraska, allon saman ƙofa yana ɗaukaka Turawan da suka shigo da amalanken shanu suka mamaye ƙasar, 'yan asalin wurin kuwa da baunar da suka dogara da ita an ajiye su a bakin matakala a matsayin abin da ya wuce, ana taka matakalar a wuce su a shiga ciki. An yi su da mutuntawa, kuma Alexander ya yi nazarin al'adunsu sosai, amma tsarin bai nuna cewa an kore su ne da ƙarfi ba, kuma jikokinsu suna nan a jihar. Ba Lawrie ne ya rubuta jigon ba, sai dai hannunsa ne ya ba shi kyan da ya sa ake karɓarsa ba tare da tambaya ba.

Shin duk ayyukansa suna nan?

Mafi yawansu suna nan, saboda gine-ginen da suke jikinsu na gwamnati ne ko na jami'o'i da majami'u, waɗanda ba a cika rushewa ba. Abokan gabarsu su ne ruwa da ƙanƙara da hayaƙin birni, masu cin dutsen sannu a hankali, kuma majalisar Nebraska ta sha gyaran bangon waje na fiye da shekara goma tun daga ƙarshen shekarun 1990. Ɗakin karatu na Los Angeles, wanda aka buɗe a 1926, ya tsallake yunƙurin rushe shi, ya kuma tsallake gobara biyu da aka cinna masa a 1986, aka sake buɗe shi a 1993 da siffofin Lawrie a wurarensu.

Abin da aka rasa a can shi ne wani allon tagulla da ake kira Rijiyar Marubuta, wanda ke bakin tafkin lambun yamma, yana nuna marubutan al'ummomin duniya. A 1969 aka share lambun aka mayar da shi wurin ajiye motoci, allon kuma ya yi ɓatan dabo. Bayan shekara 50, a 2019, wani ɓangare nasa ya ɓulla a hannun wani mai sayar da kayan tarihi a garin Bisbee na jihar Arizona, aka tabbatar da shi, aka mayar da shi Los Angeles.